Yawan sinadarin tagulla a gwajin jini: Ma'anar lambar da abin lura kafin sayen ƙwayoyin ƙarin ma'adinai

A garuruwan da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, irin su Mararaba, Masaka da Uke a Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, ɗakunan gwajin jini da shagunan kemis sun yawaita daidai da yadda jama'a ke ƙaruwa. Ba wuya a yau mutum ya biya kuɗi a gwada masa jini ba tare da likita ne ya tura shi ba, ya fito da takarda mai layi-layi na lambobi, ɗaya daga ciki an yi mata alamar cewa ta haura ƙa'ida. Idan wannan lamba ta sinadarin tagulla ce, wanda wasu ke kira jan ƙarfe, sai hankali ya tashi, domin sunan kansa yana kawo wa mutum tunanin wayar lantarki da guba. Daga nan kuma sai a nufi kemis neman abin da zai "wanke jini".

Wannan gaggawa tana da tsada. Mafi yawan waɗanda tagulla ta yi sama a sakamakon gwajinsu ba guba ce ta kama su ba, amma maganin da suke saya wa kansu yana iya jawo musu cutar da ba su da ita. Su kuwa 'yan ƙalilan da tagulla ke ɓata wa hanta da ƙwaƙwalwa da gaske, sau da yawa lambar tasu ƙasa take nunawa.

Tagulla na cikin ma'adinan da jiki ba ya rayuwa sai da su, ko da yake abin da yake buƙata ɗan mitsitsi ne. Duk jikin babban mutum bai ɗauke da fiye da miligiram 50 zuwa 120 ba, akasari a hanta, ƙwaƙwalwa, ƙashi da tsoka. Da ita ne jiki ke sarrafa sinadarin ƙarfe ya gina jajayen ƙwayoyin jini, da ita ake ƙarfafa jijiyoyi da ƙashi, tana kuma da hannu wajen samar da launin fata da gashi. Ƙa'idar da masana a Amurka suka fitar a shekarar 2001 ta ce babban mutum na buƙatar maikurogiram 900 a rana, mai juna biyu 1,000, mai shayarwa 1,300. Maikurogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya, wato buƙatar yini ba ta cika miligiram guda ba. Abincin yau da kullum a wannan yanki yana biyan wannan buƙata cikin sauƙi: gyaɗa, wake, gurjiya, gero, yazawa, da riɗi wanda Jihar Nasarawa ta yi suna wajen nomansa, duk suna ɗauke da ita. Hanta ta fi su duka, domin giram 85 na soyayyar hantar sa na ɗauke da kusan miligiram 12.

Jiki kuma yana da nasa ma'auni. Idan tagulla ta yi yawa a abinci hanji yakan rage abin da yake tsotsa, hanta kuma ta zubar da rarar a cikin ruwan maɗaci, ya bi bayan gida ya fita. Shi ya sa mai lafiyayyar hanta da ya ci tsiren hanta a kwanakin layya ba ya cikin wani haɗari.

Abin da injin yake aunawa

Galibin ɗakunan gwaji suna ɗaukar maikurogiram 70 zuwa 140 a kowace desilita ta ruwan jini a matsayin ƙa'ida ga babban mutum, da ɗan bambanci daga wannan ɗaki zuwa wancan. Abin da takardar ba ta faɗa shi ne, wajen kashi 90 cikin 100 na wannan tagulla a ɗaure take a jikin wani furotin da hanta ke ƙerawa, mai suna serulofilasmin. Tagullar da ke ɗaure a jikinsa tamkar kaya ce a cikin mota, ba ta taɓa komai a hanya. Wadda ke cutarwa ita ce 'yar kaɗan ɗin da ke yawo a sake. Gwajin da aka saba yi kuwa jimilla yake ƙirgawa, da ɗaurarriyar da sakakkiyar.

Saboda haka duk abin da ya sa hanta ta ƙara ƙera wannan furotin zai ɗaga lambar, ko da mutum bai ƙara cin ƙwayar tagulla ɗaya ba. Na farko a cikin waɗannan abubuwa shi ne sinadarin istirojin na jikin mata. Mace mai juna biyu tagullar jininta na hawa wata bayan wata, har takan ninka kafin haihuwa, sannan ta sauko da kanta bayan 'yan makonni. Haka abin yake, ko da bai kai wannan ba, ga matan da ke shan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da istirojin. Na biyu shi ne rashin lafiya kowace iri da ke kawo kumburi a cikin jiki, domin serulofilasmin na cikin furotin ɗin da hanta ke ƙara fitarwa idan jiki na yaƙi da cuta: tarin fuka, zazzaɓi mai tsanani, ciwon gaɓoɓi, wasu nau'o'in kansa, ko bayan tiyata. A wurin masu cutar sikila ma, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, an daɗe da lura cewa tagullar jini kan yi sama yayin da zinki ke yin ƙasa. A irin waɗannan halaye lambar tagulla hayaƙi ce kawai, aikin likita shi ne ya nemo inda wutar take.

Akwai wani lissafi da likitoci ke yi don su raba ɗaya da ɗaya. Kowane miligiram na serulofilasmin yana ɗaukar kimanin maikurogiram 3 na tagulla. A ɗauka an sami mai juna biyu da tagulla 165, serulofilasmin kuma 50. Hamsin sau uku 150 ke nan, saura 15 kacal ke a sake, kuma wannan bai fita daga ƙa'ida ba, duk da jan layin da ke kan takardarta. A ɗauka kuma an sami matashi da tagulla 50, serulofilasmin 5. Ɗaurarriyar 15 ce, sakakkiyar 35. Takardarsa za ta nuna ƙaranci, alhali shi ne abin tsoro. Lissafin ƙiyasi ne, yana kuma iya kuskure idan ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu bai fita daidai ba, amma ya isa ya nuna cewa lambar tagulla ita kaɗai, ba tare da ta serulofilasmin ba, rabin labari ce.

Ga kuma batun kwalbar da aka zuba jinin. Abin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai, har marfin kwalba ko ƙurar ɗaki na iya gurɓata sakamako, don haka akwai kwalba ta musamman da aka tanada domin gwajin ma'adinai. Ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, balle injin da ke auna ƙarafa a jini. Da yawa aika samfurin suke yi wani wuri. Mai gwaji na da haƙƙin ya tambaya inda za a kai jininsa, da kuma ko ɗakin na da rajista da Hukumar Kula da Kimiyyar Gwaje-gwajen Lafiya ta Najeriya. Shi kuwa ƙaramin injin nan da wasu dillalan magunguna ke haɗawa da kwamfuta, a ba mutum sandar ƙarfe ya riƙe, cikin minti ɗaya ya fito da jerin ma'adinan da wai suka yi yawa ko suka yi kaɗan a jikinsa, babu wata hujjar kimiyya da ke bayansa. Abin lura ne cewa maganin duk matsalar da injin ya gano yakan kasance a cikin jakar mai injin. Gwajin gashi da ake tallatawa a intanet shi ma ba abin dogaro ba ne wajen auna tagullar jiki, domin man gashi, rini da ruwan wanka duk suna sauya sakamakonsa.

Inda haɗarin yake da gaske

Cutar da ta fi shahara da tara tagulla a jiki ita ce cutar Wilson, wadda ta samo suna daga likitan ƙwaƙwalwa Samuel Alexander Kinnier Wilson da ya bayyana ta a Landan a 1912. Ta gado ce, kuma a 1993 aka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta. Hantar mai ita ba ta iya zubar da rarar tagulla cikin maɗaci, ba ta kuma iya ɗora ta yadda ya kamata a kan serulofilasmin. Sai ta riƙa taruwa tun daga yarinta, ta cika hanta, ta malala zuwa ƙwaƙwalwa, ido da ƙoda. An ƙiyasta tana samun mutum ɗaya cikin kimanin 30,000 a duniya. Ba ta bayyana sai yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka biyu, kamar dai yadda sikila take, saboda haka ta fi yiwuwa a inda auren zumunci ya yi yawa. Idan an tabbatar da ita ga mutum ɗaya, wajibi ne a gwada 'yan'uwansa da suke uwa ɗaya uba ɗaya, domin kowannensu na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu.

Alamominta sukan fito tsakanin shekara 5 zuwa 35. Wani da shawara take fara masa, ko kumburin ciki, ko aman jini. Wani kuma hannu ne zai fara karkarwa, magana ta sarƙe, miyau ya riƙa zuba, rubutun ɗalibi ya lalace, hali ya sauya. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma ake saurin danganta sauyin hali da iskokai ko shaye-shaye, cuta irin wannan na da wuraren ɓuya da dama. Ba da gwajin tagullar jini kaɗai ake kama ta ba. Ana auna serulofilasmin, wanda yakan yi ƙasa da miligiram 20 a desilita. Ana tara fitsarin awa 24 a auna tagullar da ke ciki, wadda takan haura maikurogiram 100 ga mai alamomi. Likitan ido kuma ya duba da fitilarsa ko akwai wani zobe mai launin ƙasa-ƙasa a gefen baƙin ido. Irin wannan bincike aikin manyan asibitoci ne, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Kafin a samo mata magani cutar kisa take yi ba makawa. A 1956 ne likita John Walshe na Ingila ya nuna cewa maganin fenisilamin na janyo tagulla ya fitar da ita ta fitsari, kuma a yau wanda aka gano tasa da wuri, ya riƙe magani har ƙarshen rayuwa, yana iya rayuwa kamar kowa.

Bayan ita akwai cututtukan da ke toshe hanyar maɗaci na tsawon lokaci, waɗanda su ma kan sa tagulla ta taru a hanta. Sai kuma wadda ke shigowa daga waje. A Indiya an yi shekaru jarirai na mutuwa da wani ciwon hanta da aka danganta da madarar da ake dafawa ko ajiyewa a tukwanen tagulla, cutar kuma ta ja baya sosai da aka sauya tukwane. An ga irin haka a yankin Tirol na ƙasar Ostiriya, inda jarirai 138 suka mutu tsakanin 1900 da 1974. Darasin da ke ciki ga gidajenmu shi ne, abu mai tsami yana narkar da tagulla. Kofunan tagulla da ake tallatawa yanzu a matsayin magani, da tsofaffin tasoshin gado, ba wurin ajiye nono, zoɓo, kunun tsamiya ko ruwan lemon tsami ba ne, musamman idan koren tsatsa ya fito a cikinsu, kuma bai kamata abincin jariri ya kwana a ciki ba. Game da ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 2 a kowace lita. Manoman da ke fesa magungunan gwari masu ɗauke da tagulla a kan tumatir da sauran kayan lambu su ma suna da buƙatar kiyayewa, domin haɗiye irin wannan magani na kawo amai mai launin shuɗi ko kore, ciwon ciki, fashewar jajayen ƙwayoyin jini da lalacewar ƙoda. Wannan na gaggawa ne, asibiti ake nufa kai tsaye.

Makiyaya sun fi kowa sanin wani ɓangare na wannan labari, ko da ba da wannan suna ba. Tumaki ba sa iya zubar da tagulla kamar sauran dabbobi, shi ya sa ragon da aka daɗe ana turkawa da abincin kaji ko gishirin lasa na shanu yakan faɗi farat ɗaya, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja.

Ga mazauna Uke da sauran wuraren da ake haƙar zinare da hannu, akwai wani bambanci da ya kamata a fayyace. Idan ana maganar ƙarfe a jini a irin waɗannan wurare, dalma ce babbar abin tsoro, sai zaiba da ake kama zinare da ita. Dalma ce ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a annobar da ta bayyana a 2010, sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ita ce kuma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Jiki na buƙatar tagulla, amma ba ya buƙatar dalma ko kaɗan, kuma gwajin ɗaya ba ya nuna ɗayar. Uban da ke komawa gida da ƙurar injin niƙa a tufafinsa, idan zai kashe kuɗi a gwada 'ya'yansa, gwajin dalma ya kamata ya nema da sunansa.

A gaban kantar kemis

Shawarar da ta fi yawo a intanet ga wanda tagullarsa ta yi sama ita ce ya sha zinki mai yawa. Akwai gaskiya a gindin maganar. Zinki na sa hanji ya ƙera wani furotin da ke riƙe tagulla ya hana ta shiga jini, kuma da wannan dabarar ce likitoci ke ba masu cutar Wilson miligiram 50 sau uku a rana, suna bibiyarsu da gwaji. Amma wanda lambarsa ta hau saboda ciki, ko ƙwayar tazara, ko tarin fuka, ba shi da rarar tagullar da za a rage masa. Idan ya ɗauki makonni ko watanni yana shan miligiram 50 ko fiye kullum, abin da zai biyo baya ƙarancin tagulla ne: jini ya ragu kuma maganin ƙarin jini ya kasa ɗaga shi, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su yi ƙasa, ƙafafu su fara mutuwa, tafiya ta zama ta tangaɗi. Jinin yakan dawo idan an gyara, amma lahanin da ya taɓa laka ba kullum yake warkewa gaba ɗaya ba. Tun lokacin annobar korona a 2020 mutane da yawa suka mayar da zinki abin sha na kullum, ba tare da sanin cewa iyakar da aka sa wa babban mutum miligiram 40 ce a rana, a haɗa da wanda ke cikin abinci. Wannan gargaɗi bai shafi zinkin da ake ba yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da sukari ba, wato miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. Wannan na ɗan lokaci ne, yana kuma ceton rai.

Ita kanta tagulla, iyakar da Amurka ta sa ita ce miligiram 10 a rana, yayin da Turai ta tsaya a wajen 5. Ƙwayoyin haɗaka na bitamin da ma'adinai sukan ƙunshi daga rabin miligiram zuwa miligiram 2, wanda ba shi da illa ga mai lafiyayyar hanta. Matsala takan taso ne daga tarawa: ƙwayar haɗaka da safe, maganin ƙarin jini na ruwa da rana, wata ƙwayar gyaran gashi da fata da dare, kowanne da nasa kason ma'adinai iri ɗaya. Mai cutar Wilson, da mai ciwon hanta da ya daɗe, bai kamata su sha wani abu mai tagulla ba sai da izinin likitansu.

Karanta takardar jikin kwalba na buƙatar natsuwa, domin kamfanoni kan rubuta nauyi biyu. Akwai nauyin gishirin da aka haɗa ƙwayar da shi, akwai kuma nauyin ma'adinin kansa, kuma na biyun ne abin ƙirgawa. Ƙwayar zinki mai miligiram 220 tana ɗauke da zinki tsantsa miligiram 50, wato ta riga ta haura iyakar yini. Ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 200 tana da sinadarin ƙarfe miligiram 65. A kuma kula da bambancin miligiram da maikurogiram, domin harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce amma ninki dubu ne a ma'auni. Sannan a nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da ranar ƙarewar aiki. Lambar tana nuna cewa hukumar ta san da kayan. Ba shaida ba ce cewa mai saye yana buƙatarsu, ko cewa duk abin da ɗan talla ya faɗa gaskiya ne.

Masu juna biyu su ne suka fi shiga tsaka mai wuya a wannan batu, domin su ne lambarsu ta fi hawa, su ne kuma suka fi buƙatar ƙarin. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini. Ƙwayar haɗaka mai sinadarai 15 da ake rabawa a wuraren awon ciki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021, tana ɗauke da ƙarfe miligiram 30, zinki 15 da tagulla 2, an kuma tsara ta ne da sanin cewa tagullar jinin mai ciki na hawa. Macen da ta ajiye ƙwayoyin awonta saboda jan layi a takardar gwaji ta musanya haɗarin da babu shi da wanda yake akwai. Abin da ya dace ta kai takardar wurin awo, a karanta ta tare da watannin cikin.

Ga sauran jama'a, matakin da likitoci suka saba bi idan tagulla ta fito sama kuma mutum ba shi da wata alama shi ne su tambayi magungunan da yake sha, har da na gargajiya da na gyaran jiki, su auna serulofilasmin, lafiyar hanta da alamun kumburi, sannan a maimaita gwajin bayan wasu makonni, lokacin da zazzaɓi ko ciwon da ake fama da shi ya wuce. Yana taimakawa ƙwarai mutum ya tattara dukkan kwalaben da yake sha a leda ɗaya ya je da su, tare da tsohuwar takardar gwajin domin a kwatanta.